Kwanon Awon Mati

Musaddiƙ ya cire kwanon awon ubansa Mati daga rumfa, ya kafa sikeli. Ina tawa rumfar ina kallo. Shekara talatin muna maƙwabtaka da Mati, a gida da kasuwar Daura, shi gero, ni wake. Lokacin ya yi wata biyu a kwance.

Yaron ya je wata bitar masu sana'a a Katsina, ta kwana uku. Ya dawo da takarda mai hatimi da surutu.

"Baba Audi, an nuna mana gyara asara ce. Mai sana'a ba ya kyauta da jarinsa."

"Wa ya nuna muku?"

"Wani masani daga Kano."

"Ya taɓa sayar da gero?"

Ya juya ya koma wurin sikelinsa.

Mati in ya cika kwano ya yi masa tozo, sai ya ƙara tafin hannu guda. Kowa yana samu, ko na kwano ɗaya ya saya.

Da hantsi Haulatu mai fura ta zo daga Sandamu. Ya auna mata a sikeli. Ta tsaya riƙe da bakin buhu a buɗe.

"Ina gyara?"

"An daina, Inna."

"Uban naka ya mutu ne?"

"Yana nan."

"To, ka gaishe shi."

Ta juye geron, ta wuce rumfar Jafaru, wani mai gero. Kafin sati, masu fura duk sun bi ta.

Wata rana bayan la'asar na shiga wurin Mati. Ya rame, tabarma ta fi ƙarfinsa. Ya tambaye ni ko Haulatu na zuwa. Ni ba na ƙarya, ko ga mai jinya. Na faɗa masa.

Ya sa aka kira yaron, da liman.

"Ina kwanona?"

"Yana ƙarƙashin gado, Baba. Zamani ne ya canza. Dole mutum ya ci gaba."

"Da tafin hannun nan na biya maka makaranta, marar kunya. Ɗauko."

Ya ɗauko. Mati ya shafa bakin kwanon, inda ya lotsa, ya miƙo mini.

"Liman, ka shaida. Na ba Audi."

Ranar Juma'a da safe Mati ya cika. Haulatu ta zo gaisuwa da ƙwaryar fura, ba ta kalli yaron ba.

Bayan sadakar bakwai Musaddiƙ ya same ni a zaure. Rumfarsa ƙudaje kawai ke zuwa. Ya durƙusa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Baba Audi, kwanon nan nake so."

"Awo za ka yi da shi?"

"A'a. Ratayewa zan yi a gaban rumfa. An ce mana sunan uba ma jari ne. In suka gan shi za su dawo."

"Da gyara?"

 Ya ce, "Kayan gado ne fa. Ina iya kai maganar gaban alƙali."

"Ka kai. Liman yana da rai."

Kwanon yana gefena a kan buzu, da sauran ƙwayar gero biyu maƙale a lotsawar. Na kife shi, na ɗora hannu a kai.

"Ba zan ba ka ba."