Buɗe Ki Karanta

"Koma baya, Umma. Daga inda ta rufe taga."

Umma ta sauke littafin a cinya, ta tura tabarau sama da bayan hannu. "Sau uku ke nan. Wai wa za ki kai wa haddar nan? Jarrabawa ce?"

"Ta fi jarrabawa. Koma."

Umma ta yi tsaki, ta koma. Shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan aji biyu, har yanzu kuwa haka take karatu, tana tsayawa a kan kowace aya kamar mai jiran yara su maimaita. 'Yarta tana kwance a kan kafet, ido a rufe, leɓe yana motsi. A karo na huɗu sakin layin ya zauna mata daram. Ta karɓi littafin, ta lanƙwasa kusurwar shafin sau biyu yadda yatsa zai gane shi, ta jefa shi a jaka.

Gatari ake ce mata. A ƙungiyarsu ta masu karatu aka laƙaba mata sunan, don ba ta taɓa ɗaga littafi ta ajiye shi da sauran rassa ba. Wata biyar ke nan da tsakiyar ganinta ya fara mutuwa. Gefe-gefe tana gani: bakin ƙofa, hannun mutum, ƙafar kujera. Amma duk abin da ta dube shi kai tsaye sai ya nutse cikin wani tabo mai launin toka, haruffa kuwa su suka fara tafiya. Kowane wata takan je asibiti a yi mata allura a cikin ido, ta riƙe ƙarfen gado, ba ta taɓa cewa wayyo ba. Likita ya ce ana ƙoƙarin tsayar da abin ne, ba mayar da abin da ya tafi ba.

Littafin wannan watan kwana tara suka yi a kansa ita da Umma, kullum bayan la'asar. Umma ba ta taɓa ƙi ba. Sai dai tari yakan sarƙe ta a wasu wurare, ta ce a ba ta ruwa, kafin Gatari ta lalubo kofi ta dawo, ta riga ta samo layinta.

"Ki faɗa musu mana," in ji Umma, tana kallonta tana neman takalmi da ƙafa. "Mutanen nan ba maƙiyanki ba ne."

"Shi ya sa."

"Girman kai dai rawanin tsiya."

"Umma, a gidan jarida da na faɗa, me ya faru? Shekara shida ina gyaran rubutu. Mutumin da nake ja wa jan biro har ya yi gumi, shi ya riƙe min hannu ya sauko da ni daga bene, yana cewa sannu, sannu, a hankali. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Wuri ɗaya ya rage min a duniyar nan da ake jin tsoron bakina. Ki bar min shi."

Umma ta matso. Ta miƙo hannu ta gyara mata wuyan riga da ya juye.

A tasha Gatari ba ta iya karanta rubutun goshin mota, sai ta tsaya inda take jin kwandasta yana kira. Ta shiga, ta zauna bakin taga, ta riƙa lissafi a zuci: gidan mai, gada, wurin da hanya ta lalace motar ta yi girgiza biyu. A girgiza ta biyu ta buga ƙarfen motar don a tsaya. Daga nan taku tamanin ne zuwa kemis.

A ɗakin ajiya na bayan kemis ɗin suke haɗuwa kowace Asabar da yamma, tsakanin kwalayen ruwan ƙarin jini da tsohon firji mai gurnani. Mai kemis, wanda duka suke kira Kawu, shi ne mai masauki. Ta tarar da shi yana zuba shayi. Anti Nas tana nan, ta taso daga aiki ko farar riga ba ta cire ba. Direba ma yana nan a kan kwalinsa na kullum, mutumin da ke jan doguwar mota tsakanin garuruwa, yana karatu a tasha kafin fasinja su cika, a hanya kuma yana sauraron littattafai a waya.

"Ranki ya daɗe, an iso," in ji Direba. "A ɓoye littattafai, ga sara ya zo."

"Kai ai ba ka da abin ɓoyewa. Tatsuniya ake maka a kunne kamar jariri, ka zo nan ka ce ka yi karatu."

Ta faɗa tana duban gefen kunnensa, don ta nan ne kawai take iya kama fuskarsa. Su kuwa sun daɗe da ɗauka sabon salon raini ne ta samo. Maganar ta fito mata da ɗaci a harshe, amma da ta fasa faɗa yau, da an tambayi dalili.

Kamar kullum, kowa ya fara da abin da ke hannunsa. Kawu ya ɗago wani ƙaton littafi a kan tarihin cututtukan matuƙa jirgin ruwa, ya ce abin mamaki ne ƙwarai.

"Shafi nawa ka kai?" in ji Anti Nas.

"Arba'in da ɗaya."

"Wancan satin ma arba'in da ɗaya ka ce."

"To ai shafin ne yake da albarka. Da na zo kansa sai barci."

"Ka riƙa sayar da shi a kanta," in ji Direba, "ka huta da odar ƙwayar barci."

Anti Nas ta ce ita labarin kisan kai take karantawa, wanda aka yi a cikin asibiti, kuma ranta a ɓace yake, don marubucin ya sa an ɗaura wa mutum ruwa a jijiyar da ko ɗalibar shekarar farko ba za ta taɓa ba. Tun daga nan ta daina yarda da shi, ko da ya ce rana ta fito. Direba ya ce shi yana sauraron labarin wani da ya gaji gonar da ba ya so, kuma ya yi kuka a kan titi har yaron mota ya ɗauka hayaƙi ne.

Gatari ta yi dariya inda ya kamata. Tana jin kusurwar shafinta a ƙarƙashin yatsa.

Sai aka zo kan littafin wata, wanda kowa ya karanta: labarin matar wani shugaban tashar jirgin ƙasa, wadda ta yi jinyar mijinta shekara goma sha ɗaya, rana ɗaya ta ɗauki akwati ta bi wani mai gyaran agogo.

A nan ne dokar take aiki. Duk wanda ya yanke wa littafi hukunci, sai ya buɗe ya karanta wurin da ya dogara da shi, da ƙarfi, kowa ya ji. Gatari ce ta kawo dokar, shekara huɗu da suka wuce, don ta kori wani lauya da ba ya karanta komai sai bangon baya. Ya kuwa koru.

"Bari in rage muku wahala," ta ce. "Rubutun yana da kyau, ginin ne ruɓaɓɓe." Ta buɗe inda ta lanƙwasa, ta sunkuyar da kai kan tokar da ke gabanta, ta zubo sakin layin tagar tiryan-tiryan, har da ɗan tsayawa kamar mai neman layi. Ta rufe. "Kun ji? Macen da ke rufe taga a hankali haka don kada iska ta taɓa mijinta, ita ce za a ce min ta gudu? Da wa? Da mutumin da sau biyu kacal muka gan shi, yana ɗaura agogo a bango? Ba su taɓa zama su biyu a ɗaki ba. Marubuciyar ta gaji ne kawai, ta tura matar waje don littafi ya ƙare."

Kawu ya ajiye kofi. Anti Nas ta gyara zama.

"Sau biyu?" in ji Direba.

"Ka ƙirga."

"Babi na tara fa?"

"Me ya faru a babi na tara? An kai mijin asibiti."

"An kai shi asibiti a shafi biyun farko. Sauran shafi goma sha ɗaya fa? Ranar da aka yi ruwa, jirgi bai zo ba, ya fake a ɗakinta?" Ya yi dariya, dariyar wanda ya daɗe yana jiran ranarsa. "Allah ya kama ki! Yau gatari ya sari dutse. Tsallake kika yi, ranki ya daɗe!"

Sai ta ji tarin Umma a kunnenta. Ta tuna yadda ta tashi neman kofi, ta tuna ƙarar takardu a bayanta, ba ɗaya ba, da yawa. Umma, wadda ko a talabijin in namiji ya matso kusa da mace sai ta aiki mutum ya duba ko an kulle ƙofa.

"Ban tsallake komai ba," ta ce.

"To ga doka." Ya buɗe nasa, ya tura mata a kan tebur har ya taɓa hannunta. "Ga shi nan, daga sama. Buɗe ki karanta. Ke kika kawo ta."

Ta ɗauki littafin. Tana ganin babban yatsanta a hagu, tana ganin farin gefen takarda a dama. Tsakaninsu toka. Ta karkatar da kai, ko wata kalma za ta faɗo ta gefe. Wani abu mai kama da harafi ya leƙo ya koma. Firji ya yi gurnani ya yi shiru. A can gaba wani yana tambayar yarinyar da ke tsaron kemis maganin mura.

Tana iya cewa ta manta tabarau, amma kowa ya san ba ta sawa. Tana iya cewa ba za ta karanta batsa a gaban Kawu ba; da ta tsira yau, ta dawo wata Asabar da wata haddar. Ta auna wannan, ta ga tsawon Asabar ɗin da ke jere a gabanta. Ta ajiye littafin a buɗe.

"Ba na gani," ta ce. "Wata biyar. Mahaifiyata ke karanta min, ni kuma in haddace. Aikin ma ba hutu na ɗauka ba, sallamata aka yi. Kada wanda ya ce min sannu."

"Innalillahi," in ji Kawu a hankali. "Sannu, 'yata."

Anti Nas ta riga ta zagayo, ta dafa mata kafaɗa da irin hannun da take dafa marasa lafiya. "Na so in gane, wallahi. Yadda kike duban mutum. Wane likita kike gani? Allurar ake miki?" Muryarta ta sauya, ta yi laushi, ta zama muryar ɗakin jinya.

"Littafi muke magana, Anti."

"Ai maganarki gaskiya ce," in ji Kawu da sauri. "Ni ma ginin bai gamsar da ni ba."

"Ƙwarai," in ji Anti Nas. "Ko da babin, tafiyar matar ta zo da gaggawa. Kin fi mu gani... kin fi mu fahimta."

Shekara huɗu tana zama a ɗakin nan, ba a taɓa yarda da ita ba sai an yi gumi. Kawu da kansa ya taɓa yin sati biyu ba ya gaishe ta saboda wani littafin waƙoƙi.  Ta ce a ranta bari ta gwada su.

"Kuma mijin ma," ta ce, "ina ganin ciwon ƙarya yake yi tun farko."

Mijin da aka yanke wa ƙafa a babi na uku.

"Zai yiwu," in ji Kawu.

"Akwai wannan," in ji Anti Nas.

Gatari ta lalubi jakarta, ta rataya. Ta miƙe. Ta san taku huɗu ne zuwa ƙofa, kuma ta san kafin ta yi biyu wani zai kama mata gwiwar hannu.

"Wannan kam shirme ne."

Direba ne. Ya yi gyaran murya.

"Kai!" in ji Anti Nas. "Ba ka da hankali ne?"

"Shirme ne, Anti, ko wa ya faɗa. Ciwon ƙarya da ƙafa ɗaya? Kuma maganar gini ma ba ta tsaya ba. Mutum bai ji babi na tara ba, ba shi da bakin magana a kan matar nan. Ta zagi littafi a kan abin da ba ta sani ba, irin abin da ta kori lauya a kansa. Ni ban yafe ba." Ya ja numfashi. "Kuma wata biyar ana miki tatsuniya a kunne kina zagina. Wannan ma ban yafe ba."

Ta tsaya, hannu a kan igiyar jaka. Ta juya ta dubi gefen kunnensa. Fuskarsa a murtuke take, idonsa ya yi ja, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Shafi goma sha ɗaya ka ce?"

"Sha ɗaya da rabi."

"Shafi sha ɗaya ba sa gyara littafin da ya karye."

"Ki ji tukuna, sannan ki yi sara."

Ta sauke jakar a ƙasa, ta koma kan kujerarta, ta ture hannun Anti Nas daga kafaɗarta ba da ƙarfi ba.

"Kawu, in kunya za ta kama ka, ga ƙofa," ta ce. "Kai kuma karanta. Da ƙarfi. In ka yi tari, na sani."