Mai Filaya Ya Zo

Shatin haƙoran ya fito sarai a damtsen yarinyar, sama da ƙasa, kamar an buga hatimi. Malamar ajin ƙanana ta riƙe hannun tana goga masa ƙanƙara, yarinyar na tsala kuka, wanda ya yi cizon kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon takalmansa. Shekararsa uku da 'yan watanni. Uwarsa Auta take kiransa, 'yan aji kuma Kura suke ce masa, duka biyun yana amsawa.

Ba ranar ya fara ba. Malama ta gwada duk abin da aka koya mata. Ta durƙusa ta dube shi ido cikin ido ta ce haƙori na abinci ne, ba na jikin mutane ba. Ta zaunar da shi a kujerar nutsuwa, ya ciji kujerar. Ta ba shi zoben roba ya riƙa taunawa, ya wurga shi ta taga. Ta lura ya fi cizo idan an ƙwace masa abu, don bakinsa bai gama buɗewa ba, kafin kalma ta zo haƙori ya riga ta isa. Ta san haka, ta kuma san maganinsa haƙuri ne mai tsawo. Amma da aka tashi, shugabar makaranta ta kira ta ofis ta gaya mata iyayen yarinyar suna barazanar cire 'yarsu, kuma in aka sake cizo a ajin nan, ba yaron kaɗai zai tafi ba.

An hana duka a makarantar. Ba wanda ya hana baki.

Washegari Malama ta ja yaron gefe, ta rage murya ta tambaye shi ko ya san Mai Filaya. Ya girgiza kai. Ta ce wani dogon mutum ne mai akwatin ƙarfe, makaranta-makaranta yake bi, duk yaron da ke cizo sai ya buɗe masa baki ya tuge haƙoran ɗaya bayan ɗaya ya zuba a akwatin.

"Duka?" in ji yaron.

"Duka. Har na can ciki."

Ƙarya ce, kuma ta yi aiki. Cizo ya tsaya cak. Sauran yara da suka tsinci maganar suka mai da ita waƙa, kullum suna yi masa ita a filin wasa. Malama tana ji, ba ta hana su ba, don suna taya ta aiki ne kyauta.

Ana nan sai famfon banɗakin yara ya lalace, shugaba ta kira mai gyara. Ya iso yara na cin abin da aka ƙunso musu daga gida. Dogo ne, da akwatin ƙarfe a hannu, mutum mai son yara. Da ya zo wucewa ta tagar ajin ya ga ƙananan fuskoki sun zuba masa ido, sai ya zaro filaya daga aljihu ya ɗaga musu, ya buɗe ta ya rufe, ƙas ƙas, yana dariya.

"Kura, an zo maka!" in ji yarinyar da aka ciza, aji ya kaure da ihu.

Malama tana durƙushe tana goge madarar da wani ya zubar. Da ta miƙe ta tsawata musu, kujerar Auta ba kowa, sai takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta.

Ta leƙa ƙarƙashin tebura. Ta leƙa banɗaki, ta buɗe kowace ƙofa. Ta bar ajin a hannun mai shara ta fito tsakar makaranta tana kiran sunansa, da farko a hankali don kada shugaba ta ji, daga baya ta daina damuwa da wanda zai ji. Ƙofar shiga a wangale take, motoci na wucewa a guje a kan titi.

"Baba, yaro ya fita ta nan?" ta tambayi maigadi.

Tsohon ya ce wallahi bai ga kowa ba, amma gaskiya ya ɗan bar wurin, ya je taya mai gyara sauke bututu daga mota. Ta fita bakin titi ta duba hagu ta duba dama. Ba cincirindon mutane, ba motar da ta tsaya. Ta juyo, ta zaga bayan azuzuwa, nan ta ga abin da ya fi titin muni. Murfin tankin ruwa na ƙasa a ɗage yake, an jingine shi da bango. Bakin ramin ya ishi yaro ya faɗa, ruwan baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi.

Ta zube a bakinsa tana kallon fuskarta a ciki. Mai gyara ya rugo, ya haska da fitilar wayarsa, ya zura dogon bututu yana lalube lungu-lungu. Shugaba ta iso ba takalmi, tana tambayar waye ya bar murfin, waye ya bar ƙofa, ina malamar take har yaro ya fita. Mai gyara ya ce bai taɓo komai a cikin ruwan ba tukuna, sannan ya miƙe ya buɗe murya yana kira, yaro fito, fito ga alewa, yana kaɗa akwatinsa don ya ja hankalinsa. Ƙarafan ciki suka yi ta ƙara.

Sai a lokacin Malama ta gane cewa in yaron na da rai, yana jin wannan ƙarar.

"Malam, don Allah ɗauki akwatinka ka fita waje."

"Me na yi, Malama?"

"Ba ka yi komai ba. Ka dai fita."

Ya dubi shugaba, ya dube ta, ya rufe murfin tankin ya fita ransa a ɓace. Malama ta koma aji ta sa yara suka yi tsit, ta bi bango tana cewa mutumin ya tafi, Auta, ya tafi. Ba amsa. Har ta juya za ta fita sai ta ga wani siririn ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashin kabad ɗin da ake jibge katifun barcin rana. Ta buɗe, ta janye katifun.

Yana can ƙurya, ya dunƙule, wandonsa a jiƙe. Hannu biyu ya toshe bakinsa da su, ya datse gindin babban yatsansa da haƙora don kada kuka ya fito, jini na bi har gwiwar hannu. Ta ɗauko shi, jikinsa a sandare kamar katako. Ta yi ta ƙoƙarin raba hannun da bakin, ya ƙi.

"Babu wani Mai Filaya," ta ce masa a kunne. "Wasa nake yi maka. Babu shi sam."

Ya dube ta, ya yi magana ta tsakanin yatsunsa.

"Na gan shi."

An wanke ciwon an ɗaure. Aka gaya wa uwarsa ya ji tsoron baƙo ne ya ɓuya. Maigadi aka yi wa faɗa saboda ƙofa.

Bayan 'yan makonni uwar ta tsaya a bakin aji tana yi wa Malama godiya, ta ce Allah ya saka, yanzu ko 'yar maƙwabta ba ya taɓawa. Sai dai fa ya tsani buroshin goge haƙori, in ta nufo shi da shi sai ya shige ƙarƙashin gado, kuma 'yan kalmomin da ya fara yi duk ya haɗiye su. Ta yi dariya ta ce ƙila girma ne ya zo. A taron malamai shugaba ta yaba wa ajin ƙanana. Malamar aji na gaba, wadda ke fama da wata yarinya mai yakushi, ta taɓo Malama ta raɗa mata, "Ke, mutumin naki yana cire farce kuwa?"

Auta ya zama yaron da ake nuna wa baƙi. Yana zama a miƙe, hannu a kan cinya, leɓe a rufe. In an ƙwace masa abin wasa sai ya sake shi. In wani dogo ya gifta ta taga sai ya kai hannu baki.

Wata safiya Malama ta kai yara wanke hannu ta tarar famfon ya sake fara ɗiga. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ɗauko bokiti ta tara a ƙarƙashinsa, ta ja ƙofar banɗakin, ba ta gaya wa kowa ba.