Jan Zare a Wuyan Hannu

Masu bincike sun raba yaran unguwa kashi biyu. Sun zuba takardu a kwano, kowace uwa ta ɗauka. Wanda ya ci, a ɗaura masa jan zare a hannu, ya shiga ɗakin reno kullum, a ba shi ƙwai da madara, a yi masa wasa. Wanda bai ci ba, awo kawai za a riƙa yi masa duk wata, don a ga bambanci. Da wannan bambancin hukuma za ta tsara yadda za a reni yaran ƙasa.

Wata mai ɗinki tana da tagwaye 'yan shekara biyu. Babba ya ci, Ƙarami bai ci ba.

"Ciki ɗaya suka kwana," ta ce wa Mai Awo, matar da ke riƙe da ma'auni.

"Shi ya sa muke son su. Ki bar su yadda suka faɗo."

Allura sana'arta ce. Kullum da safe sai ta warware zaren, ta ɗinke shi a hannun ɗayan. Yau Babba, gobe Ƙarami. Wata uku ana haka. Ranar awo sai Mai Awo ta ga tabon ƙuna a gwiwar yaron da ke kan ma'auni da jan zare a hannu, alhali a takardarta mai tabo ba ya cikin masu ƙwai.

"Baiwar Allah, ni za ki yi wa wayo? Kin ɓata mana aikin wata uku."

"Ƙwai ɗaya ne fa, ranki ya daɗe."

"Ki sake, in cire su duka biyun."

Aka yanke zaren, aka sa wa Babba na roba mai maƙalewa, wanda ba ya fita sai da almakashi. Daga ranar Ƙarami yake raka ɗan'uwansa bakin ƙofa, ya riƙe ƙarfen taga yana leƙe. Da ya ga ana fasa ƙwai sai ya riƙa tauna bakinsa. Ɗinki bai kawo abin da ya wuce abin sawa a baka sau biyu a rana ba.

Shekara ta zagayo. Babba ya fi Ƙarami tsawo da yatsu huɗu, yana ƙirga har goma. Ƙarami daga "Mama" sai "ba ni".

Shugaban bincike ya zo da mai hoto. Ya jera su a jikin bango, ya tafa hannu.

"Kin ga hujja! Wannan hoton kaɗai ya ishi hukuma. An riga an amince, kowane yaro zai samu."

Mai ɗinki ta bari aka ɗauka. Har ta goge wa Ƙarami hanci.

Ranar rajista ta riga kowa zuwa layi, tana riƙe da hannunsa. Mai Awo ta buɗe littafi, ta bi layi da yatsa.

"Ya cika uku watan jiya. Tsarin na 'yan ƙasa da uku ne. Binciken ya nuna bayan nan amfanin kaɗan ne."

"A jikinsa kuka gano haka. Ga hotonsa can a bangonku."

"Na gani. Matsa, akwai mutane a bayanki."

"Don Allah, ko na wata ɗaya."

Mai Awo ta miƙa hannu ta karɓi takardar matar da ke baya.

"Ba zan rubuta shi ba."