Akwatin Fentin Baba Stoimen

"Mama, me ya sa Kaka ya yi wa sama fentin ciyawa?"

'Yata Neda ce ta yi tambayar, bakinta cike da burodi da cuku, a kan tudun da ke kallon kogin Yantra. Ranar Lahadi ce, mun rako Baba Stoimen, mahaifin mijina, wurin da ya saba kafa sandunan zanensa tun kafin a haife ni. Na ɗaga kai na dubi ƙyallen da yake zane a kai. Tsaunuka sun fito daidai, rufin cocin ƙauyenmu ma haka. Amma samaniyar da ke bisansu koriya ce shar, alhali ta gaske shuɗiya ce tas, ko gajimare babu.

Baba ya yi dariya ba tare da ya juyo ba. "Ke 'yar ƙwailar nan, yaushe kika fara koya wa tsoho sana'arsa? Goge bakinki tukuna."

Mijina Radoslav bai yi dariya ba. Ya daɗe yana son hana mahaifinsa hawa tudun nan shi kaɗai, saboda hanyar ta bi gefen wani rami mai zurfi. Duk lokacin da ya tayar da maganar, Baba yakan ce idonsa garau yake, ya nuna masa sabon zane a matsayin shaida. Fitar nan ita ce abin da ya rage wa Baba tun rasuwar matarsa.

Ni kuwa na san abin da na yi. A daren Juma'a na tarar da Neda ta buɗe akwatin fentin, tana ƙoƙarin cire murfin bututun farin fenti da haƙori, shi kuma farin nan akwai gubar dalma a ciki. Na ƙwace, na wanke mata baki, sannan na zazzage akwatin gaba ɗaya. Na goge kowane bututu, masu guba na tura can ƙasa, sauran na jera su manya gefe guda, ƙanana gefe guda, na sa kwaɗo. Har daɗi na ji da na ga ya yi tsaf. Rubutun jikinsu ya daɗe da gogewa, shuɗi da kore kuma in suna cikin bututu duk baƙi-baƙi suke.

Radoslav ya matsa kusa da zanen, ya tambayi mahaifinsa wane launi ne a buroshinsa. Baba ya ce shuɗi mana, wanda yake zaune a gurbi na uku kullum.

Na yi tunanin idan na faɗi gaskiya laifin zai dawo kaina, a ƙyale tsohon. Sai na ce, "Baba, ni ce na sauya musu wuri. Ka yafe mini, saboda yarinyar na yi."

Ashe maganata ce za ta ƙarasa tona shi. Radoslav ya ce a hankali, "Wato da hannu kake gane su, Baba. Tun yaushe?"

Baba ya ajiye buroshin. Ya ce tun sanyin bara yanar ido ta fara rufe masa gani, amma tudun nan ya san shi kamar tafin hannunsa, kuma muddin kowane fenti na gurbinsa, babu mai ganewa. Ya ƙura wa ƙyallen ido, ya kai fuskarsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa ɗanyen fentin, ya tambayi Neda ko da gaske kore ne. Ta ce ƙwarai, kamar kabeji.

A hanyar gida Radoslav ne ya ɗauki akwatin, ya riƙe hannun mahaifinsa a gefen ramin, Baba bai fizge ba. Da muka isa ya yanke hukunci: babu sauran hawa tudu sai likita ya duba idon, da aka tuntuɓi likitan kuma ya ce sai an jira layi, watakila bayan kaka, lokacin da ganye ya gama zuba.

Na roƙi Baba ya faɗa mini yadda jerin yake in mayar, na ce zan riƙa raka shi da safe in na kai Neda makaranta. Ya ce, "Kin yi abin da uwa za ta yi, 'yata. Bar shi kawai." Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Yanzu a bakin taga yake wuni, yatsunsa babu ɗigon fenti, akwatin yana saman kabad yadda na jera shi.

Ke da kike da ƙaramin yaro da tsoho a gida ɗaya, ki ɗauke abin guba ki kai inda hannu ba ya kaiwa, ki sa kwaɗo, wannan dole ne. Amma kada ki gyara wa tsoho kayan aikinsa ba ki tambaye shi ba.