Kuɓewar Zulai a Layin Ciyawa

Jiya da dare mafarki ya kai ni Amurka, gidan ɗana Sagir. Na tarar da shi da matarsa Barira da 'yarsu Zulai cikin wadata, ga mota, ga firiji da ya fi ni tsawo. Abu ɗaya suka rasa: tun da suka tare a layin, babu maƙwabcin da ya taɓa ɗaga musu hannu.

"Sai ciyawarka ta yi daidai da ta kowa ake gaishe ka, Baba," in ji Sagir. Yana durƙushe a ƙofar gida, yana yi wa ciyawar aski da reza. "Saura kaɗan."

Ruwan sama a can daga ƙasa yake fitowa, ya nufi sama. Mutane na riƙe laima a ƙarƙashin ƙafafunsu, suna murmushi.

Zulai ta ja hannun rigata. "Tsoho, zo ka ga abin da na yi da irin da ka aiko."

A tsakiyar ciyawar kuɓewa ce tsaye, ta kai mata kafaɗa, har ta yi 'ya'ya.

"Amaryata ta iya noma," na ce. "Yau ango zai sha miya."

"Da wane haƙorin?" in ji ta.

Sai ga mu a ofishin kwamitin unguwa. Duk ma'aikatan awaki ne, sanye da kwat. Shugabansu wani jan bunsuru ne mai tabarau, ya sha turare har ido na yaji.

"Malam, an kawo ƙarar gidanku," in ji shi cikin fara'a. "Akwai tsiron da ya fi 'yan'uwansa tsawo."

"Kuɓewa ce, ranka ya daɗe. Ci ake yi."

Awakin suka kalli juna. Wata ta suma.

"A nan ba a cin abin da ya tsiro a ƙofar gida. Kallonsa ake yi. Ƙasar 'yanci ce, kowa na da ikon shuka abin da yake so, muddin ciyawa ce."

Na tambaye shi a hankali, kamar yadda nake tambayar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ko shi bai taɓa sha'awar ɗanɗana ciyawar ba. Ya ce Allah ya kiyaye. Cikinsa ya yi ƙugi, sakatariya ta yi tari don ta rufe masa asiri.

Muka sake tsintar kanmu a ƙofar gida. Sagir na riƙe da reza.

"Zulai, yi haƙuri. Ke ma kina so a gaishe ki, ko ba haka ba?"

"Abba, ai Tsoho yana gaishe ni."

Ya sare kuɓewar. Nan take ƙofofin layin suka buɗe, hannuwa suka ɗagu a tare kamar a fareti. Barira ta yi guɗa. Sagir ya cire hula yana amsawa, "Lafiya lau, lafiya lau, ya iyali?" Sai na lura idanunsu ba a kansa suke ba. Ciyawar suke gaisarwa. Ya matsa gefe, hannuwan ba su bi shi ba.

Ni da Zulai muka zagaya bayan gida neman gawar kuɓewar. Muka iske shugaban kwamiti a bayan kwandon shara, ya tuɓe kwat, bakinsa cike da ganye, hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau.

"Malam, don Allah ka rufa min asiri," ya ce. "Ni ma ɗan Sakkwato ne. Na daɗe a nan."

Zulai ta miƙa masa ɗan kuɓewar da ya rage a hannunta. Ta ce da ni, "Tsoho, ashe shi ma ba a gaishe shi. Kwat ɗinsa ake gaisarwa."

Ƙarar faɗuwar bokiti ce ta tashe ni. Akuyar maƙwabta ce ta shigo tsakar gida tana cin zogalena. Na leƙa ta taga na ce mata sannu. Ta ɗago kai ta amsa.