Ramuka Tara a Ƙofar Ɗakin Shanu

Ramuka tara ne a ƙofar ɗakin shanun, kuma su ne za su kai mijin Tela gidan yari. Ranar Talata da hantsi aka ji ƙarar bindiga, aka tarar da saniyar maƙwabcinsu kwance a bayan ƙofar katakon, ta riga ta mutu. Mijin Tela kuwa shi ne mai gadin lambun da ke jikin gidan, aikinsa korar tsuntsaye, kuma kowa ya san yana da bindigar farauta. Sajan na 'yan sanda ya zo ya dubi ƙofar, ya ce ramukan a haɗe suke, wanda ya yi harbin bai wuce taku goma ba. Aka auna taku goma ta wajen shinge, sai ga rumfar mai gadi. Shi ke nan, an gama shari'a a tsaye! Aka tafi da bawan Allah yana ta rantsuwa cewa yana can ƙarshen lambu yana gyaran famfo.

Kwana biyu Tela ba ta taka keken ɗinki ba. Ran na uku ta je ta ɗauko kawunta.

Kawun nan shekara talatin ya yi a masana'antar harsashi, aikinsa ya harbi takarda ya ƙirga ramuka. Ita dai tun tana yarinya take yi masa dariya, wai ƙato da gemu ana biyansa don ya ɓata takarda. Yanzu ido ya tafi, sai dishi-dishi, amma baki yana nan da kaifinsa.

"Daina wannan kukan, ɗiyata, hawaye ba ya awo," in ji shi. "Ɗauko tef ɗinki, da takardar nan mai faɗi da kike yanka samfurin riga."

Sajan mutum ne mai jin kunyar furfura. Ya yarda ya zo da bindigar da aka ƙwace, da harsashi iri biyu da tsohon ya nema. Mai shanu ma ya fito, ya harɗe hannu yana cika yana batsewa.

Tela ta ja hannun Kawu har jikin ƙofar. Ya shafa katakon a hankali, ya sa ƙaramin yatsa a rami ɗaya, ya koma na gaba, leɓensa na motsi. Ya karɓi almakashinta ya ƙwaƙulo wani abu daga cikin ɗaya daga ramukan, ya ɗora mata a tafin hannu. Ƙwayar dalma ce kamar wake, ga nauyi.

"Yallaɓai, da wane harsashi ka saba?"

"Na tsuntsaye, Baba. Tun ina yaro nake bin mahaifina farauta."

"To, nan ka zame. Harsashi ai ba uwa ɗaya ta haife su ba. Na tsuntsaye ƙwayoyinsa ɗaruruwa ne, kamar yashi, ba su da nauyi. Suna fita iska ta wargaza su. Wannan kuwa tara ne cif a ciki, manya. Nauyinsu ke riƙe su, su yi tafiya mai nisa kafaɗa da kafaɗa kafin su rabu. Amma kada ka yarda da bakina. Ni ban taɓa yi wa harbi shaida ba sai na tambayi takarda."

Aka kafa takardar Tela a jikin tsohon allo, gaban tudun ƙasa. Sajan ya ja taku goma, ya harba na tsuntsaye. Takardar ta koma rariya, ƙananan huji ko'ina. Tela ta sa tef: inci goma sha shida. Ta juya ta auna ƙofar. Goma sha shida! Gabanta ya faɗi.

"Kun gani ko?" in ji mai shanu.

"Yi haƙuri, maƙwabci, gaggawa aikin Shaiɗan ce," in ji Kawu. "Faɗin ya yi daidai, amma ramukan ƙofarka tara ne, ba ɗari uku ba. Sauya takarda, ɗiyata. Yallaɓai, sa babban, kada ka matsa daga inda kake."

Ƙara ta tashi har tsuntsayen lambu suka watse. Tela ta ruga. Duk taran sun cure wuri guda, tafin hannunta ya rufe su. Da Sajan ya ja taku ashirin ya sake harbawa, suka buɗe kaɗan. Kafin harbi na ƙarshe Kawu ya ɗaga yatsa.

"A talatin za ki samu goma sha shida, ko da ɗan rara."

Sajan ya harba, ta auna. Goma sha shida da rabi. Allahu Akbar! Tsigar jikinta ta tashi. Ta cire takardar ta shimfiɗa ta a jikin ƙofar yadda take ɗora samfuri a kan yadi, faɗi ya hau faɗi. Ta dubi tsohon nan da ba ya ganin fuskarta, amma ya ga tafiyar dalma a cikin iska tun ba a ja kunamar bindiga ba. Kunya ta kama ta saboda dariyar da ta yi masa shekara da shekaru, ga kuma wani kwarjini nasa da ba ta taɓa gani ba.

"Bindiga da bindiga akwai bambanci, Baba," in ji Sajan, muryarsa ta yi ƙasa.

"Akwai, ɗana. Amma ba bambancin taku ashirin ba."

Kawu ya sa aka zura siririn kara a rami ɗaya. Karan bai kalli shinge ba sam, tsakar gidan ya nuna sak. Ya juya wa ƙofar baya, ya dafa kafaɗar Tela, suka bi inda karan ya nuna yana ƙirgawa da ƙarfi. Sun wuce kwamin ruwan shanu a goma sha biyu, sun wuce igiyar shanya a ashirin da ɗaya. A talatin takalminsa ya bugi siminti.

"Ɗiyata, na yi tuntuɓe da wani abu. Mene ne?"

Tela ta duba ƙasa. Matakalar ƙofar bayan gidan mai shanu ce.

Mutumin ya sauke hannuwansa, ya zauna daɓas a bakin kwamin ruwa. "Kare ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Wani kare ne ke damun maruƙana. Na harbe shi daga kan matakalar can, na kuskure. Wallahi ban san tana bayan ƙofar ba."

"Ka kuskure kare, ka sami saniya, ka kuma nemi ka haɗa da mutum," in ji Kawu. "Kai, wannan harbi naka ya fi duk wanda na taɓa aunawa faɗi."

Sajan ya naɗe takardar da kansa, a hankali, ya sa a hammata. Ya dubi Tela.

"Baiwar Allah, je ki ɗora tukunya. Yau a gida mijinki zai ci abincin rana."