Tafki a Tsakar Gidanmu

Baban Luba mai zanen gine-gine ne. A 1977 ofishinsu ya tura shi Brazil ya ga sabon babban birninsu, tunda za a gina irinsa kusa da garinmu. Ya dawo da ambulan cike da hotuna. Bayan kwana uku sai ga leburori suna haƙa rami a tsakar gidanmu na unguwar Magajiya.

"Rijiya ce?" na tambaye shi.

"Tafki ne, Asama'u. Can a bakin ruwa gini yake tsayawa, ki ga hotonsa a cikin ruwan."

Ya baje hotunan a tabarma. Wani gini kamar an kife akushi, na kusa da shi kamar an buɗe shi ana jiran tuwo. Na juya hoton, na sake juyawa, ban gane ina ƙofa take ba. Kyau kam akwai, don na daɗe ina kallo. Amma Luba ta fara rarrafe, ramin kuwa ya kai gwiwata.

"To, su matan can, ina suke ajiye 'ya'yansu?"

Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Babu yaro ko ɗaya.

"Wataƙila suna makaranta," ya ce, yana sosa ƙeya.

"Har masu rarrafe?"

Ya mayar da hotunan cikin ambulan. Ya ce leburori su dakata ya yi tunani. Ni dai na goya Luba, na karɓi shebur a hannun ɗayansu, na fara mayar da ƙasa.